Zufiha da Talotalon Toranke

"Lafiya lau, Inna. Ajingi lafiya, duk suna gaishe ku. Ke kuma mai washe baki, rufe, ba da ke nake ba."

Hafizu ke nan, ya kafe babur ɗinsa a ƙofar gidan kawunsa Malam Kabo a Gafasa, ya shigo yana cin magani. Inna, matar kawun, ta amsa masa daga madafi ta ci gaba da aikinta. Wadda aka ce ta rufe baki kuwa Ummu Salma ce, 'yar kawun, malamar firamare, tana zaune a tabarma a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, wayarta a kife a cinya. Shi ɗan mace, ita 'yar namiji, tun suna yawo ba takalmi ba su taɓa haɗuwa sun rabu ɗaya bai ƙunsa wa ɗaya takaici ba.

Amma yau ba wasa kaɗai ya kawo shi ba. Ummu Salma tana rubuta wani labarin sadaukai da dodanni, tana sakinsa kashi-kashi a wani guruf na mata zalla, da ɓoyayyen suna, don Malam Kabo ya ƙi jinin irin waɗannan labarai, cewa yake yi su ne ke raba yara da karatu. A cikin labarin akwai wani mai ɗaukar wa sadauki kaya. Tun da wannan mutum ya bayyana, Muhsina, yarinyar da Hafizu ke nema a Toranke, duk sanda ta ga Hafizun sai ta toshe baki da mayafi tana dariya. Shi ya sa ya rufe shagonsa na taki da maganin feshi da wuri, ya taho ya ji dalili.

"Maraba da bawan gidanmu," in ji ta. "Ga kwando, zauna ka taya uwar ɗakinka ɓara."

"Uwar ɗakin wa? Ke da aka bayar da ke gyara ranar da Kawu ya je sayen akuya a Gaya?"

"Ai gara ni, wanda ake so ya dawo ake yi wa gyara. Kai fa? Gwaggo Kulu da kake kira uwa, har yau cigiyar wanda ya yar da kai a bakin kasuwa take yi, ta mayar masa da kayansa."

Hafizu bai yi dariya ba. Ya jawo turmi ya kifa ya zauna, ya ƙura mata ido kamar mai duba jabun taki.

"Wane ne Zufiha?"

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar, ta saci kallon zaure, sannan ta ci gaba da ɓara.

"Wa? Ɗan garinku ne?"

"Zu. Fi. Ha. Karanto min shi daga baya."

"Ni yara nake koya wa karatu daga gaba. Ku da kuka yi makaranta ta taga ku ke karatu da baya."

"Ha-fi-zu! Da zaurancen da ni na koya miki za ki cuce ni, kin gane ko?"

"Suna ne kawai ya faɗo min."

"Wushiryar ma faɗo miki ta yi?"

"Kai kaɗai ne mai wushirya a ƙasar Kano?"

"Tabon gira ta hagu fa?"

"Nasa a ta dama yake."

"A ta hagu kika fara sa shi, daga baya kika mayar da shi dama. Kin zaci ban lura ba? Kuma mutumin nan ba ya rufe baki sai ya ce, kin gane ko. Ni yaushe na taɓa magana haka, kin gane ko?"

Ummu Salma ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Hafizu ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya yi tsaki.

"Duk wannan na yafe. Tsuntsun nan nake so ki yi min bayani. Ƙaton tsuntsu mai jan leɓe, mai buɗe wutsiya kamar faifai, ya biyo Zufiha a ƙofar gidan gimbiya, ya zubar da takalmi ya haye rumbu. A wace ƙasar aljanun kika gan shi?"

"A kaina."

"A Toranke dai! Talotalon baban Muhsina ne. Kuma ban da yara, mu uku ne a wurin, ni da ita da Kamilu abokina. Tun ranar da na karanta ban ƙara yi wa Kamilu magana ba. Me kika ba shi?"

"Ashe da gaske ka hau rumbun?"

"Ban hau ba. Jingina na yi da shi ta sama."

Dariyar da take riƙewa ta ƙwace mata, har kwandon ya karkace. Hafizu ya bar ta ta gama, yana kaɗa ƙafa. Abin da ke cin ransa, ya san idan ana maganar jarumta a Ajingi, sunansa ake fara kira. A gem ɗin yaƙi na waya da samari ke taruwa suna bugawa a shagon mai caji, babu wanda ya kamo ƙafar jaruminsa Tsawa.

"Ke ba ki ma san jarumi ba," in ji shi. "Zo Ajingi ki tambayi wane ne mai Tsawa. Sulke baƙi, takobi mai cin wuta, doki mai fukafukai. Shekaranjiya shi kaɗai ya shiga kogon macizai, ya sare sarkinsu ya fito ko gumi bai yi ba. Jarumi ba ya gudu, ba ya waiwaye, ba ya ɗaukar wa kowa buhu."

"Tsawan nan ya taɓa mutuwa?"

"Mutuwa kuma? Ai... yakan faɗi, sai a sake."

"A sake me?"

"Sai ya tashi."

"Kullum?"

"In da data."

"To wanda ya san zai tashi, me ya sa a kasada? Ni ma in an ce min in na mutu da hantsi zan tashi da azahar, zan shiga kogon macizai da silifas. Jarumin da in batir ya mutu ya mutu!"

"Naki sadaukin fa, Jangaru? Shi ba haka yake ba? Tun da aka fara labarin nan yake sare kawuna."

"Shi ya sa ya ishe ni. An yi masa wankan tsari tun yana jariri, ƙarfe ba ya cin sa. In na rubuta ya shiga yaƙi har hamma nake yi, don na san yadda za a ƙare. Mutum mai rai ɗaya, mai tsoro cike da ciki, gwiwa tana karkarwa, amma ya ƙi sakin abin da aka damƙa masa, wannan shi nake jin daɗin rubutawa."

"Wato matsoraci."

"Ni ban ce ba. Kai ka faɗa."

"Ke kika sa shi kuka a bakin kogi!"

"Ya yi kuka, ya tsallaka ko bai tsallaka ba?"

"Ya tsallaka, amma Jangaru aka yi wa kirari."

"Buhun guzurin ya jiƙe?"

"Bai jiƙe ba, a ka ya ɗora shi. Ai ni na faɗa a lokacin cewa..."

Ummu Salma ta ajiye gyaɗar da ke hannunta a hankali, ta karkata kai, ta ƙanƙance ido. Hafizu ya san wannan kallo, shi take yi wa ɗalibi idan ya kawo aikin gida da rubutun yayansa.

"Ka faɗa a ina?"

"A raina."

"Tsaya tukuna. Guruf ɗin nan na mata ne zalla, ni nake sa mutum da hannuna. Ta ina kake karantawa?"

"Ana turo min."

"Wa?"

"Mutane."

"Wanda ake turo wa bai san na gyara tabo daga hagu zuwa dama ba, don nan take na goge na farkon. Sai wanda yake ciki, ido buɗe." Ta ɗauki wayar tana latsawa. "Akwai wata Kadijatu da ta daɗe tana ba ni mamaki. Ba hoto, ba ta taɓa turo murya ba, an yi bikin wata a cikinmu ba ta ce uffan ba. Amma da na saki kashi, ita ce ta farko. Ji abin da ta rubuta jiya: Gaskiya marubuciya ba kya yi wa Zufiha adalci, mutumin kirki ne kuma yana da kyau, kin gane ko."

"Allah ya yi wa wannan baiwar Allah albarka. Mai hankali ce."

"Bari in kira ta mu gaisa."

"Ki bar matar mutane, wataƙila tana aiki."

Ta danna. Daga aljihun Hafizu na ƙirji wata 'yar ƙaramar waya ta kama ruri. Ya dafe aljihun da tafin hannu, ya ɗaga kai yana kallon reshen darbejiya kamar ba a jikinsa ake yi ba.

"Hajiya Kadijatu," in ji Ummu Salma, "ɗauka mana. Ya maigida, ya yara?"

"Layin shago ne! Bincike na shiga yi."

"Jarumin Ajingi, mai doki da fukafukai, ya ɗaura zani ya shiga cikin mata! Wallahi yau sai na sanar a guruf. Muhsina ma tana ciki."

Nan fuskar Hafizu ta canza. Ya kashe wayar, ya matso da turmin, ya rage murya yadda Inna ba za ta ji ba.

"To tunda abin ya kai haka, bari in tambaye ki, kuma ba da wasa ba. Yayanki Mudassir ya riga ni zuwa gidan su Muhsina, aka ce masa a'a. Shi ya sa ki ki mayar da ni abin dariya a idonta? Sati mai zuwa manya za su je gaisuwa. Yarinya in ta raina mutum, me ya rage?"

Ummu Salma ta daina murmushi.

"Ni kake zargi da wannan?"

"Wa zan zarga? Kin ce a kashi na gaba wani zai mutu. Kowa ya san wa za ki kashe. Ki gama ba'a da shi, ki jefar."

"Ni ma ina da tawa tambayar. Shekaranjiya Baba ya ce min me nake rubutawa haka a waya kamar sakatariya. Baba da ko saƙo sai an karanta masa, wa ya ɗora shi a hanya? Kun haɗu a kasuwar Ajingi, an faɗa min."

"Taki ya saya."

"Taki kaɗai?"

"Ban faɗa masa ba. Amma kar ki ga kamar ba zan iya ba. Ki tona Kadijatu, in tona marubuciya."

"Bismilla."

"Kin ce bismilla?"

"Na ce."

Kamar jira ake yi, sai ga gyaran murya daga zaure. Malam Kabo ya shigo, fartanya a kafaɗa, ƙafa duk ƙasar gona. Mutum ne da ko 'ya'yan maƙwabta ke gyara zama in sun ji takunsa, Hafizu kuwa tun yana yaro yake shakkar kawun nan. Ya sauko daga turmin ya durƙusa ya kwashi gaisuwa.

"Tun daga waje nake jiyo ku," in ji Malam Kabo. "Zufiha, Zufiha. Mene ne Zufiha?"

Ummu Salma ta tura wayarta ƙarƙashin ɓawon gyaɗa. Ba ta kalli Hafizu ba. Ta san in maganar ta fito, yau wayar za ta kwana a aljihun Baba, labarin da ta ɗauki wata da watanni tana ginawa ya tsaya ke nan. Hafizu ya dube ta, ya ga yatsunta suna murza gyaɗa ɗaya har ta dagargaje. Ga dama ta samu, kalma biyu ta isa. Ga kuma idon Kawu a kansa, wanda bai taɓa yi wa ƙarya ya sha ba.

"Da kai nake, Hafizu."

"Kawu... magani ne."

"Maganin me?"

"Feshi. Sabon maganin feshi ne, na... na wake."

"Yana da ƙarfi?"

"Eh to, farko kamar ba ya aiki, ja da baya yake yi. Amma ba ya barin gona."

"Ita kuma wannan me ya haɗa ta da maganin wake?"

"Cewa take yi ba shi da amfani, a zubar da shi. Ni kuma na ce a ƙara masa lokaci."

Malam Kabo ya dube shi, ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana shafa gemu.

"Waken bayan gari tsutsa ta fara taɓa shi. Ran kasuwa ka ajiye min kwalba, zan aiko. Kuma kar ka ba ni jabu."

"To, Kawu."

Ya ɗauki buta ya zaga bayan gida. Hafizu ya zube a ƙasa daɓas, ya cire hula yana fifita da ita.

"Kin kashe ni. Ina zan samo Zufiha a kwalba?"

"Gwiwarka rawa take yi."

"Sanyi ne."

"A wannan zafin?" Ta tono wayar ta busa mata ƙura. Muryarta ta yi laushi, ko da yake ta yi ƙoƙarin ɓoyewa. "Me ya hana ka faɗa?"

"Wa zai ƙarasa labarin? Ai ba don ke na yi ba, so nake in ga ƙarshen Jangaru."

"Matso ka ji wani abu, bawan gidanmu. Mudassir ko sunan labarin bai sani ba. Kamilu kuma ka je ka ba shi haƙuri, bai taɓa ce min komai ba."

Ta rage ƙarar wayar, ta kara masa a kunne. Muryar Muhsina ce, tana magana tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Anti Ummu, don girman Allah kar ki kashe min Zufiha. Ni fa da na ba ki labarin talotalon nan, ba ki sa ƙarshensa ba. Akwai taɓarya a kusa da shi, ƙanena har miƙa masa ya yi, ya ce a'a, ba zai fara zuwa gidan mutane ya karya musu dabba ba. Yana kan rumbu yana karkarwa, amma ledar tsarabar da ya kawo wa Umma tana hannunsa, ko ƙwai ɗaya bai fashe ba. Baba da ya ji, cewa ya yi wannan yaron za a iya ba shi amana. Ki kashe Jangaru in kina so, ni ba ruwana da shi."

Hafizu ya karɓi wayar ya sake saurara. Da ya zo na uku Ummu Salma ta fizge abarta.

"Wato ita ce," in ji shi. "Ni ina can ina gaba da Kamilu, ashe ɓarawon a cikin ɗaki yake."

"Ka fasa auren mana."

"Wa? Ni? Ke dai ba ki ji abin da surukina ya ce ba? Amana!" Ya mayar da hularsa ya karkata ta, wushiryar duk a waje. "Dama na faɗa miki, jarumi na gaskiya ba a gane shi da takobi."

"Yaushe ka faɗa? Ɗazu doki mai fukafukai ne."

"Gwada ki nake yi. To yanzu ya maganar mutuwar?"

"Na riga na rubuta. Dodon rijiya zai haɗiye shi."

"Ki goge."

"Sai dai in sa dodon ya amayar da shi, ya ce ɗaci gare shi."

"Na yarda, in dai da rai. Kuma a ba shi doki."

"Jaki."

"Alfadari, mu raba."

"Jaki, amma mai saurin gaske, saboda tsuntsaye."

"A mayar masa da takalmansa, to. Tun Toranke mutumin nan yake tafiya ba takalmi, ƙaya duk ta gama da shi."

Ummu Salma ta tuntsire da dariya har Inna ta leƙo daga madafi tana tambayar ko lafiya. Ta jawo kwano ta cika shi da ɓararriyar gyaɗa, ta zaɓo manya-manyan ta ɗora a sama, ta tura masa gabansa.

"Ka yi galaba yau, na ba shi takalmi. Ungo wannan, ka kai wa Muhsina. In ka isa ƙofar gidan ka tsaya daga nesa ka yi sallama, a ɗaure maka sarkin yaƙin nan mai jan leɓe tukuna."

Hafizu ya juye gyaɗar a aljihun babbar rigarsa, ya watsa guda biyu a baki, ya miƙe yana karkaɗe wando.

"A ɗaure shi? Ai yanzu ni da shi surukai ne. Rabin gyaɗar nan ma tasa ce."